Naman Hillary

A Amurka jihohi 50 ne, amma da kakar zaɓen shugaban ƙasa ta kama sai ka rantse ba su wuce shida ko bakwai ba. Kalifoniya, duk da mutanenta kusan miliyan 39, ɗan takara ba ya leƙa ta sai in neman kuɗin kamfe ya kai shi, don rabonta da zaɓen ɗan Rifablikan tun 1988. Teksas kuma rabonta da ɗan Dimokurat tun Jimmy Carter a 1976. Tsarin ne ya jawo haka. Ba jimillar ƙuri'un ƙasa ke naɗa shugaba ba. Kowace jiha tana da kujerun wakilan zaɓe gwargwadon yawan jama'arta, duka-duka 538, wanda ya haɗa 270 shi ke shiga Fadar White House. In ka cire Meyin da Nebraska, duk wanda ya yi rinjaye a jiha, ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe kujerunta kaf. Shi ya sa kuɗi da talla da alƙawuran ƙarya duk suke tattarawa su koma 'yan jihohin nan da ba a san inda za su faɗa ba, wato jihohin raba-gardama.

Ni kuwa ƙaddara ta ajiye ni a tsakiyar ɗaya daga cikinsu, Mishigan, a gefen birnin Detroit, inda nake aikin lissafin kaya a siton wani kamfanin kayan gyaran mota. Majalisarmu a bayan shagon wani Alhaji mutumin Maraɗi take, shagon da in daddawa ko kuka ko manja suka ƙare a gida can ake nufa. Akwai Kanawa, akwai Zagezagi, akwai mutanen Damagaram, ga 'yan zangon Kumasi. A cikinsu duka ni kaɗai ne na taɓa yin kwas na ilmin ƙididdiga a jami'a, kwas ɗin da da ƙyar da jiɓin goshi na haye shi, amma wannan ɓangaren ban taɓa faɗa a majalisa ba. Wani direban tirela ɗan Kumasi ne ya fara ce mini Farfesa. Sai da aka daɗe na gane gatse yake yi, lokacin kuwa sunan ya riga ya bi ni, har yara a masallaci da shi suke gaishe ni. Ga wani abin kuma: a 2016 ko ƙuri'a ba ni da ita. Katin zama kawai gare ni. Farfesan zaɓe guda, amma ko ƙofar rumfar zaɓe doka ba ta ba shi damar wucewa ba.

A waccan shekarar na buɗe jadawali a kwamfuta, kowace jiha da layinta. Duk ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da ta fito sai in kwafe ta in zuba, in haɗa, in raba, in fitar da matsakaici. Da asuba kafin in yi alwala na duba Fulorida. Da daddare Karolina ta Arewa ce abin da idona ke gani na ƙarshe. Amma jihohin da na fi taƙama da su uku ne: Fensilbaniya da Mishigan, waɗanda ɗan Rifablikan bai ci ba tun 1988, sai Wiskonsin da rabonta da su tun Reagan a 1984. A Wiskonsin matsakaicin alƙaluma ya ba Hillary Clinton ratar maki 6 da ɗoriya. A Mishigan 3 zuwa 4. Ita kanta Hillary tun da jam'iyya ta tsayar da ita ba ta taka Wiskonsin don kamfe ba. To in mai abu ta saki jiki, ni wane ne da zan ɗaga hankalina?

Masu hasashe ma sun goya mini baya, ko kuwa in ce na zaɓi waɗanda suka goya mini baya. FiveThirtyEight na Nate Silver ya ce damar Hillary kashi 71 ce cikin ɗari. New York Times ta ce 85. HuffPost 98. Wani masani a Jami'ar Princeton, Sam Wang, ya kai ta 99, har ya yi alƙawarin cin ƙwaro in Trump ya wuce kujeru 240. Na 99 ɗin na riƙe. Nate Silver kuwa na shaida wa majalisa cewa matsoraci ne, yana neman wurin ɓuya ne kawai. Ban tsaya na lura ba cewa 71 tana nufin in aka yi zaɓen sau goma, Trump zai ci kusan uku.

Kuma ba wai ba a gargaɗe ni ba. A watan Maris na wannan shekarar, a nan Mishigan, a kan idona, alƙaluman jin ra'ayi sun ba Hillary ratar maki kusan 20 a kan Bernie Sanders a zaɓen fid da gwani, aka wayi gari Sanders ya kayar da ita. Na ce wannan tuntuɓe ne, ba ya maimaituwa.

Direban nan ɗan Kumasi shi ya fi damuna. Aikinsa kenan ratsa Ohayo da Fensilbaniya da Wiskonsin, mako-mako.

"Farfesa," in ji shi, "ni fa daga na bar Pittsburgh har in kusa Filadelfiya, allon mutumin nan kawai nake gani. A gonaki, a jikin rumbu, har a bayan motoci."

"Ɗan'uwa, allo ba ya jefa ƙuri'a," na ce masa. Maganar ta yi mini daɗi a baki har na maimaita ta.

Abin kunyar shi ne ba sai na je Fensilbaniya ba. Siton da nake aiki a gundumar Macomb yake, arewa da Detroit, gundumar ma'aikatan masana'antar mota da ta zaɓi Obama sau biyu. Kullum ta cikin allunan Trump nake ratsawa in tafi aiki. Turawan da muke cin abincin rana tare, masu tuƙa motar ɗaga kaya, ba sa ɓoye wanda za su zaɓa. Sai in gyaɗa musu kai, in koma gefe in buɗe waya don in ga abin da mutanen Mishigan suke tunani.

Uwargida kuwa kitso take yi a wani shago cikin Detroit, baƙaƙen fatar Amurka ne yawancin masu zuwa. Mace ta zauna awa biyar kanta a hannunka, ai ba abin da ba za ka ji ba.

"Malam, matan nan fa ba irin na lokacin Obama ba ne. Wancan karon da rigarsa suke zuwa kitso. Yanzu in ka yi zancen zaɓe sai su taɓe baki."

Na gyara zama na yi mata bayanin yadda ake jin ra'ayi a kimiyyance: ba sai an tambayi kowa ba, mutum 800 ko 1,000 sun isa, muddin an zaɓo su ba tare da son rai ba, kuskuren kuma ba ya wuce maki 3 ko 4. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce: "Wato kamar mai sayen hatsi a Dawanau, ya zunguri buhu ya duba tafin hannunsa. To ai mai sayen da ya san kansa ba a baki kaɗai yake zungura ba, har gindin buhun yake kaiwa. Su naka mutanen wane gefe suka zungura?" Na ce mata kimiyya ba kasuwar hatsi ba ce.

Ana saura 'yan kwanaki na tuƙa mota zuwa wata gona da ake yanka na halal, na sayi rago. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa.

"Farfesa, rago? Don Hillary? Suna aka yi ko aure?"

Na ce sadaka ce ta godiya, tunda Allah zai raba mu da mutumin da ya fito fili a Disambar 2015 ya ce a hana Musulmi shigowa ƙasar. Ya ce to ai godiya bayan biyan buƙata ake yin ta. Na ce buƙata ta riga ta biya, sanarwa kawai ta rage. Ban tsaya nan ba. Ranar Litinin da daddare na ɗauki waya na yi wa Yayana da ke Kano saƙon murya mai tsawo, da murya irin ta masu sharhi a rediyo, na zayyana masa jiha-jiha, na rufe da cewa ya faɗa wa mutanen unguwa su kwanta su yi barcinsu, mace za ta mulki Amurka. Na san Yaya. Na san zai saka wa majalisarsu su ji. Don haka ma na yi.

Talata, 8 ga Nuwamba. Tun bayan magariba takalma suka cika ƙofar gidana. Mata na kicin, ana ta fito da waina da miyar taushe, ga naman rago gasasshe da yaji da albasa, ga zoɓo a manyan robobi. Na jona kwamfuta da talabijin. A bango na manna taswirar Amurka da na buga a wurin aiki, na aro fensiran kala na 'yata, shuɗi na Dimokurat, ja na Rifablikan. Jihohin nan uku kuwa tun da rana na shafe su da shuɗi, da maka ma, wadda ba ta goguwa, don a rage aiki. Tsinken tsire na riƙe a matsayin sandar nuni.

Da farko komai ya tafi yadda na tsara. Har wata babbar jaridar Detroit ta yi riga malam masallaci ta sanar cewa Hillary ta ci Mishigan. Na ɗaga wayar sama kowa ya gani, aka yi kabbara, na ƙara wa kaina nama.

Sai Fulorida ta fara yin ja.

A shafin New York Times akwai wata allura irin ta mitar gudun mota, tana nuna wanda ya fi damar ci. Da yamma tana kwance a gefen Hillary. Tun kafin ƙarfe goma ta miƙe tsaye tana karkarwa, can sai ta soma zamewa ɗaya gefen.

"Farfesa, wannan allurar lafiya take kuwa?" in ji Alhaji.

"Ƙuri'un ƙauye ne ke fara shigowa, Alhaji. Ku jira birane."

Ohayo ta tafi. Ku jira birane. Fulorida ta tafi da kujerunta 29. Na ce ai dama ba da ita na yi lissafi ba, ku jira birane. Karolina ta Arewa ta bi su. Na nuna jihohina uku da tsinken tsire na ce ga katangar nan, ba mai ƙetare ta. Wani Bazazzage da ke zaune kusa da talabijin ya ce, "Farfesa, ga Milwaukee can an ce ta kusa gama shigowa. Ko akwai wasu biranen da ba mu sani ba?" Na yi kamar ban ji ba.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda cin naman ya mutu. Mutum ya ɗauko tsoka, ta kusa baki, sai a nuna wata gunduma ta koma ja, ya mayar da ita faranti a hankali. Matan suka fito daga kicin suka jeru a bakin ƙofa, ba mai cewa uffan. 'Yata, wadda ya kamata a ce ta yi barci tuni, ta zo ta ja mini riga ta ce, "Baba, jan ya kusa ƙarewa, in kawo na makaranta?" Wajen ƙarfe ɗaya da rabi aka ba Trump Fensilbaniya. Na ɗora ja a kan shuɗiyar makar nan, abin ya ƙi zama ja ya ƙi zama shuɗi, ya koma wani irin baƙi-baƙi mai maiƙo, takardar ma ta huje.

Baƙi suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, wannan aikin asuba, wancan yara. Ba wanda ya yi mini dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Hannu suke ba ni suna cewa "Allah ya ba da haƙuri, Farfesa," kai ka ce ni na tsaya takarar. A New York ma haka aka yi: wajen ƙarfe biyu shugaban kamfen ɗin Hillary, John Podesta, ya hau mumbari a zauren Javits, mai rufin gilashi, ya ce wa magoya baya su tafi gida. Biyu da rabi kamfanin dillancin labarai na AP ya ba Trump Wiskonsin, zance ya ƙare. Direban tirela shi ya fita ƙarshe. Ya tsaya yana ɗaure takalmi, bai ɗago ba ya ce, "Ashe dai allon yana jefawa."

Ƙarfe biyu da rabi na dare a Detroit, takwas da rabi na safe ne a Kano. Waya ta yi ƙara.

"Kai, wane irin abu ka jawo mini? Tun jiya nake saka wa mutane muryarka. Har wurin mai shayi na saka. Yanzu ga rediyo na faɗin wani abu daban. Ko a can ma ana murɗiya ne?"

Na ce Yaya ba murɗiya ba ce. Da aka gama ƙirga kuma ya ji Hillary ta fi Trump ƙuri'a kusan miliyan 2.9 a faɗin ƙasa, sai ya sake kira. Ya ce shi dai a iya saninsa, a Najeriya wanda ya fi ƙuri'a, ya kuma sami kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi, shi ke hawa. To wace irin dimokuraɗiyya ce ta biyu ke zama ta ɗaya? Na fara yi masa bayanin kujeru 538. Ya ce in bar shi haka, bayanina na baya ma bai gama biyan bashinsa ba.

Ratar da ta kayar da ni ba ta taka kara ta karya ba. Mishigan ƙuri'a 10,704, Wiskonsin 22,748, Fensilbaniya 44,292. A haɗa su duka ba su kai 78,000 ba, a zaɓen da mutum sama da miliyan 130 suka jefa ƙuri'a. A gundumar Macomb kaɗai, inda nake cin abincin rana, Trump ya ba da ratar kusan 48,000, ninki huɗu da ɗoriya na abin da ya ci jihar da shi. Da ƙungiyar masu binciken ra'ayin jama'a ta Amurka ta yi bitar abin a 2017, ta gano cewa alƙaluman ƙasa baki ɗaya ba su yi nisa da gaskiya ba. Na jihohi ne suka kauce, kuma babban dalili shi ne masu digiri sun fi yarda su amsa tambayoyi a waya, su ne kuma suka fi karkata ga Hillary, da yawan masu binciken kuwa ba su daidaita lissafinsu da matakin karatu ba. Ga kuma waɗanda suka yanke shawara a makon ƙarshe, akasarinsu Trump suka bi. A taƙaice, bakin buhun aka zungura. Ban kai wa uwargida wannan rahoton ba.

Sam Wang ya cika alƙawari, ya ci gyare da zuma a CNN. Na kalla na ce wannan ai gata ne, mu da muke sayen fara da kuɗinmu. Nawa hukuncin ya fi nasa tsawo. Fiye da rabin ragon ya rage, aka ƙulla a leda aka cika firiza. Yara suka raɗa masa naman Hillary. Har dusar ƙanƙara ta sauka ta yi zamanta, in na tambayi me aka dafa, sai uwargida ta ce, ba ko murmushi, "Miyar kuka ce, da ɗan Wiskonsin a ciki."

Zaɓen 2020 ba zan ja shi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Korona ta hana taro, majalisa ta koma WhatsApp. Alƙaluma sun ce Biden na gaba da maki kusan 8 a Mishigan, wani binciken ABC da Washington Post ma ya ba shi 17 a Wiskonsin. Na ce ƙarya ne, an taɓa yi mini. Daren 3 ga Nuwamba Trump ya riƙe Fulorida, yana gaba a Mishigan, a Fensilbaniya kuwa ratarsa ta haura 600,000. Tsakar dare na tura wa majalisa saƙon jaje, na ce a rungumi ƙaddara, shekara huɗu kamar gobe ne. Alhaji ya rubuto: "Farfesa, ba za mu jira birane ba?" Na ce Alhaji a bar tone-tone.

To a wannan shekarar ce fa jiran birane ya zama gaskiya. Miliyoyin mutane sun aika ƙuri'a ta gidan waya saboda annoba, yawancinsu 'yan Dimokurat, dokar Fensilbaniya kuma ta hana a taɓa ambulan ɗin sai ranar zaɓe. Laraba Mishigan ta juye. Asabar, 7 ga wata, aka sanar da Biden. Abin haushin, alƙaluman sun fi na 2016 kaucewa: maki 17 ɗin Wiskonsin ƙuri'a 20,682 suka zama, ko maki ɗaya bai cika ba, ƙungiyar masu binciken ma ta ce rabon da a yi kuskure irin wannan a matakin ƙasa shekara 40. Amma tunda sun faɗi wanda zai ci, ba wanda ya tuhume su. Ni da na ƙaryata su, kuma ina da gaskiya a ƙaryatawar, ni aka yi wa dariya.

Kafin 2024 na zama ɗan ƙasa, na sami ƙuri'a. A nan ne wani abu ya faru da ban taɓa ba majalisa labarinsa ba.

Cibiyar Pew ta ce a 1997 kashi 36 cikin ɗari na gidajen da take kira suna amsa tambayoyinta, zuwa 2018 sun koma kashi 6. Na sha zagin sauran 94 ɗin a majalisa, na ce su ke ɓata mana lissafi. Alhali ni kaina in lambar da ban sani ba ta kira, ko kallo ba ta ishe ni ba, saboda masu tallan inshorar mota. Wata yamma a Oktoba ina jiran kiran makanike, na ɗauka da sauri, sai na ji muryar wata mata tana cewa binciken ra'ayi suke yi kan zaɓe, ko ina da 'yan mintoci? Na miƙe tsaye. Na kashe talabijin, na kori yara. Kafin ta yi tambaya ta farko na riga na yi mata uku: mutum nawa za su kira, ta yaya suke daidaita matakin karatu, suna la'akari da wanda mutum ya zaɓa a baya? Baiwar Allah ta ce ita karanta tambayoyi kawai aka ɗauke ta yi. Ta tambayi shekaruna, ta tambayi ko na yi rajista. Sannan ta ce, in yau ne zaɓe, Kamala Harris ko Donald Trump?

Bakina ya mutu. Na tuna hotunan Gaza da muke gani kullum, da makaman da gwamnatin Biden ke aikawa. Na tuna kuɗin ƙwai da na haya. Na kuma tuna Janairun 2020, da Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar zama, takardun ƙanen uwargida suka maƙale. Matar ta ce, "Kana ji na?" Na ji bakina yana cewa ban yanke shawara ba tukuna. Shekara da shekaru ina kiran irin waɗannan mutane marasa sanin ciwon kansu, masu hana malamai barci. Ga shi an rubuta ni a layinsu, da yardata.

Duk da haka ban ɗauki darasi daga bakina ba. Uwargida a Dearborn take sayen nama da kayan ƙamshi, garin da fiye da rabin mutanensa asalinsu Gabas ta Tsakiya ne. Ta dawo ta ce Larabawan nan fa a fusace suke, ko sunan Dimokurat ba sa son ji. A Fabrairu mutum sama da 100,000 sun jefa ƙuri'ar "ba mu tare da kowa" a zaɓen fid da gwani na jihar don nuna fushi kan Gaza. Magajin garin Hamtramck na lokacin, Amer Ghalib, Musulmi ɗan asalin Yaman, ya fito ya mara wa Trump baya. Na ce fushi ne na ɗan lokaci, ranar zaɓe kowa zai koma gidansu. Ni da ban koma ba.

Alƙaluma kuwa a wannan karon sun ƙi ba kowa dariya. Jihohi bakwai, kujeru 93: Fensilbaniya, Jojiya, Karolina ta Arewa, Mishigan, Arizona, Wiskonsin da Nebada, ko'ina kunnen doki ko kusa da haka. Binciken ƙarshe na New York Times da Kwalejin Siena ya ce 47 da 47 a Mishigan, 48 da 48 a Fensilbaniya. Nate Silver ya ce raba-daidai ne. Mutum mai hankali sai ya ce Allah masani ya ja bargo. Amma farfesan da zai shiga majalisa ya ce bai sani ba, me ya rage masa?

Daren Asabar, 2 ga Nuwamba, abin da nake nema ya faɗo. Ann Selzer, wadda ake ganin ba ta da na biyu a binciken ra'ayi a Ayowa, ta fitar da nata: Harris 47, Trump 44. A Ayowa fa, jihar manoman masara da Trump ya ci da maki 8 a 2020, kuma matar nan ita ce ta hango rinjayensa a can a 2016 da 2020 lokacin da wasu ke cewa an yi kusa. Na tashi uwargida daga barci. Na ce in Ayowa ta motsa haka, to Wiskonsin da Mishigan an gama, matan karkara sun yi wa Trump tawaye a ɓoye. Ta ce, "Malam, ƙarfe nawa?" ta juya. Bincike ɗaya tak, a jihar da ko cikin bakwai ɗin ba ta, na ɗora shi a kan ɗaruruwan da ke cikin jadawalina, don shi kaɗai ne ya faɗi abin da zai sa a saurare ni.

Rago dai na tuba. Kaji na saya, katan guda. Yaya kuma ban yi masa saƙon murya ba, a rubuce na tura, don rubutu ba ya sakuwa a wurin mai shayi. Ashe ɗansa ya karanta musu.

Daren 5 ga Nuwamba bai ma ba ni damar cewa a jira birane ba, don biranen ne suka fara ba da ni. Trump ya ci Fulorida da maki 13, har da gundumar Miami-Dade. Karolina ta Arewa ta tafi, Jojiya ta bi ta. A Jami'ar Howard, inda magoya bayan Harris suka taru, wani jigon kamfe ya fito ya ce ba za ta yi magana a daren ba, a tafi gida. Alhaji ya ce shi kam kamar ya taɓa ganin wannan fim ɗin, har da kujerar da yake zaune a kai. Ayowa, Trump da maki 13. Da asuba, biyar da rabi ta ɗan gota, Wiskonsin ta sake rufe zance. Bakwai ɗin duka ya kwashe, kujeru 312 da 226. A Dearborn, inda Biden ya sami kusan kashi 70 a 2020, Trump ne ya zo na ɗaya da kashi 42, Harris 36, Jill Stein 18. Su kuwa alƙaluman kunnen dokin nan da na raina, da maki 2 ko 3 kawai suka kauce, sai dai duk gefe guda suka kauce, kuma a irin wannan tsere hakan ya isa.

Ba a rufa wata ba Ann Selzer ta sanar cewa ta bar binciken zaɓe. Uwargida ta ji a labarai, ta tambaye ni ko ni ma na rubuta tawa takardar ajiye aikin. Na ce akasin haka, gyara zan yi. Na buɗe jadawali na ƙara sabon layi, na sa masa suna shagon kitso, na ɗauko biro da takarda na same ta a kicin. Na ce daga yau ita ma majiya ce, za mu fara da tambaya mai sauƙi: wa ta zaɓa ranar Talata?

Ta ce ƙuri'a sirri ce, haka aka koya musu a ajin zama ɗan ƙasa. In kuma alƙaluma nake so, in buɗe firiza in ƙirga kajin da suka rage.